TARIHI: SILK ROAD, KASUWAR ƘWAYA DA BA TA DA RUMFA

Yau tarihinmu ya kai mu Amurka, inda aka fara buɗe babbar kasuwar ƙwaya a intanet.

A farkon shekarar 2011 wani matashi ɗan jihar Texas, Ross Ulbricht, ya buɗe shafin da ya sa ma suna Silk Road. Ba a shiga sai ta manhajar Tor mai ɓoye sawun mutum, ba a biya sai da bitcoin. Mai saye ya zaɓi wiwi, hodar iblis ko heroin, dila ya ƙunshe, ya aika ta gidan waya kamar wasiƙa. In kaya sun iso, mai saye ya ba dila maki, kowa ya san wanda ke ha'inci. Shi kuwa mai shafi yana zaune, kowane ciniki yana cire la'adarsa.

Ranar 1 ga Oktoba 2013 jami'an FBI suka cafke shi a wani ɗakin karatu na San Francisco, kwamfutarsa a buɗe. Hukumar ta ce cinikin da ya wuce ta shafin ya kai bitcoin miliyan 9 da rabi, la'adar kuma ta haura dubu 600. Babu sisin lanho da ya shiga baitulmali, babu takardar duwan. A 2015 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai, masu gabatar da ƙara suka danganta mutuwar mutum 6 da ƙwayar da aka saya a shafin. Shugaba Trump ya yi masa afuwa a Janairun 2025.

To ina kuɗin suka tafi? Gwamnatin Amurka ta yi gwanjon bitcoin kusan dubu 30 a 2014. A 2020 ta sake kama wasu sama da dubu 69 da aka sace daga shafin, darajarsu ta haura dala miliyar ɗaya. Wato riba ta tsaya hannun mutane kaɗan, asara kuwa ta watsu: kuɗin asibiti, kuɗin bincike da gidan kaso, ma'aikacin da ya daina aiki, iyalin da suka rasa mai ciyar da su.

Kuma kasuwar ba ta mutu ba. Wata guda bayan kamun aka buɗe Silk Road ta biyu. AlphaBay ta zo ta fi ta girma, aka rufe ta a 2017. Hydra ta masu jin Rashanci ta ci gaba har 'yan sandan Jamus suka kama na'urorinta a Afrilun 2022. An rufe rumfa, masu saye suna nan, wani ya buɗe sabuwa.

Mu nan ba mu san Tor ba, amma mun san Tramol da ke fitowa daga Indiya ta tashoshin ruwan yankinmu. Lissafin ɗaya ne. Ɗan kabu-kabu ya sha don ya jure aiki, abin da ya samu ya koma aljihun dila, in ya kwanta kuma uwarsa ce ke saida akuya ta kai shi likita. Ga waya yanzu a hannun kowane yaro, dila ba ya ma buƙatar tsayawa bakin tasha.

Iyaye da hukumomi, a sa ido tun da wuri. Allah ya tsare mana matasanmu, amin.