Daga Heavyweight Champ zuwa gidan gem: yadda wasan faɗa ya samo asali

Idan ka taɓa leƙa gidan gem a Illela, ko ka tsallaka iyaka zuwa Ƙonni, ka san dokar wurin ko ba wanda ya faɗa maka: wanda ya ci ya zauna, wanda aka doke ya miƙa fad, in yana son ramuwa ya sake biya. Wannan doka ta girmi PlayStation. Asalinta wasu dogayen akwatuna ne masu allo da ake jefa wa kwabbai a shagunan wasa na Japan da Amurka, waɗanda ake kira aked.

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne Heavyweight Champ, da kamfanin Sega ya fitar a 1976. Damben Turawa ne, hoton baƙi da fari, mai wasa yana riƙe wani abu mai kama da safar dambe yana turawa. A 1979 aka yi Warrior a Amurka, mutum biyu da takubba ana hango su daga sama. 

Abin ya kankama ne a 1984, lokacin da Technos na Japan ya ƙera Karate Champ. Ka tuna zamanin finafinan Chanis ne, sunan Bruce Lee yana bakin kowane yaro daga Tokyo har Sakkwato. Wasan yana da sandar sarrafawa biyu, yadda ka haɗa motsinsu shi ke ba ka naushi ko shuri, ga alƙali a tsaye yana ba da maki. Wanda ya saba kallon dambenmu, inda ake turmi uku kuma kisa ɗaya ya raba gardama, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai Konami ya zo da Yie Ar Kung-Fu, wanda ya yaɗa layin nan na jini da ke raguwa duk sanda aka doke ka, da abokan gaba kowa da salonsa.

A 1987 Capcom ya fitar da Street Fighter na farko, ƙarƙashin Takashi Nishiyama. Wani abin dariya: akwatin farko manyan maɓallan roba ne da shi masu auna ƙarfin duka, iya ƙarfin bugunka iya ƙarfin naushin Ryu. To ka san halin matasa. Suka riƙa jibgar injin yana lalacewa, hannuwa na ciwo. Dole aka koma maɓalli shida, uku na hannu uku na ƙafa, tsarin da har yau ake amfani da shi.

Wanda ya juya kasuwar shi ne Street Fighter II na 1991, mai jarumai takwas da za ka zaɓa. A nan ne abin da ake kira kwambo ya shahara, wato jera duka ba tare da abokin karawa ya samu damar karewa ba, kuma ba da niyya aka yi shi ba. Ga yadda abin yake: allon yana sabunta hoto kusan sau 60 a daƙiƙa, kowane naushi yana da hotunan fita da na dawo da hannu. Masu ƙira sun so a riƙa fitar da manyan duka irin Hadoken cikin sauƙi, sai suka bar 'yar tazara da injin zai karɓi sabon umarni ana tsakiyar naushi. Sakamakon haka, mai saurin yatsa zai yanke dawowar hannun ya ɗora wani dukan tun abokinsa bai farfaɗo ba. Sun lura da abin, suka ƙyale shi, a zatonsu zai yi wuyar yi.

Mu dawo kan kuɗi, don a ganinmu nan ne sirrin. Idan mutum yana wasa da kwamfuta, gwani zai iya kwashe rabin awa da kwabo ɗaya, mai shago yana asara. Amma in mutum biyu ne, cikin minti biyu ko uku dole ɗaya ya faɗi, kuma zuciya ba za ta bar shi ya tafi haka ba. Yen 100 a Japan, santi 25 a Amurka, a yi ta jefawa.

Mortal Kombat, da yaranmu suka fi sani, ya zo a 1992 daga kamfanin Midway na Chicago, aikin Ed Boon da John Tobias. Mutane na gaske aka ɗauka a bidiyo aka mayar da su cikin wasan, shi ya sa jinin ya tayar da hankalin iyaye. A Disambar 1993 sai da sanatocin Amurka suka yi zama a kai, a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru. Harafin M da kake gani a jikin kwalin yana nufin daga shekara 17 zuwa sama.

Mu nan akwatunan ba su yawaita ba: ga tsada, ga nauyi, ga matsalar wuta. Ta injinan gida wasannin suka shigo mana, irin su Sega Mega Drive, daga baya PlayStation da Tekken ɗinsa. Mai shago ya sa talabijin da benci da janareta, ya karɓi aikin da ramin kwabbai yake yi a Tokyo, yana karɓar kuɗin da hannunsa.