Daga Taken 'Yan Kokowa Zuwa Kiɗan Cikin Wasan Intanet

Iyaye da yawa suna kukan cewa 'ya'yansu sun duƙufa kan waya, suna wasa da abokan da ba su taɓa gani ba, har da kiɗe-kiɗe. Ni dai ina ganin kafin mu yanke hukunci gara mu waiwayi tarihin abin, domin kiɗa cikin wasa tsohon abu ne a ƙasar Kurfai.

A Filinge da ƙauyukan Dallol Bosso, da an gama girbin hatsi sai samari su fito dandali kokowa. Makaɗi ma ɗan wasa ne a wurin. Kowane gwani da takensa. Da ganga ta kira shi zai miƙe, ya yi kirari, ya shiga fili. Idon makaɗi na kan 'yan kokowa, in ya ga nasa ya fara sanyi sai ya ƙara wuta. Janar Seyni Kountché, haifaffen Fandu a yankin Filinge, ya hau mulki a 1974. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya zama zakara. Makaɗa suka bi kokowa zuwa manyan filaye, daga nan rediyo da talabijin suka kai ta gidaje.

To, su ma masu wasan intanet sun gina nasu dandalin. A 2007 aka fito da The Lord of the Rings Online, wasan da dubban mutane ke shiga lokaci guda. An ba su kayan kiɗa a ciki: sarewa, ganga, da wani mai tsirkiya kamar molo. Ana rubuta musu kiɗa da tsarin ABC, wanda Chris Walshaw ya ƙirƙiro, inda haruffa A zuwa G ke wakiltar sauti, lambobi kuma tsawonsa. Mutum ɗaya ya ɗauki waƙa ya rarraba ta, wannan kason na mai sarewa, wancan na mai ganga, sannan kowa daga ƙasarsa su tashi tare. Tun 2009 suke taron shekara mai suna Weatherstock, ƙungiyoyi suna gwada bajinta. Wannan daban yake da abin da aka yi a Fortnite a 2020, inda mutum fiye da miliyan 12 suka halarci wasan Travis Scott. Can kallo ne kawai, an gama haɗa komai tun kafin su zo.

Rarraba waƙa aiki ne na gaske. Yaron da ya iya shi ya koyi sauraro, ƙidaya da jiran ɗan'uwa. Sai dai rubutaccen kiɗa kansa yake bi, ba ya ganin wanda ya gaji balle ya zuga shi. Kuma lanƙwasar muryar kalangu, da makaɗi ke samu ta matse tsirkiya a hammata har ganga ta faɗi sunan mutum, haruffa bakwai ba sa kama ta.

Malamai, ABC ba ya cin kuɗin intanet, alli da allo sun isa. A sa ɗalibai su je wurin tsohon makaɗin garinsu, su saurari take ɗaya, su gwada rubuta shi, su ga inda haruffan suka gaza. Iyaye kuma, in kun ji kiɗa na tashi daga wayar yaro, ku tambaye shi wane kaso ya rubuta da hannunsa.