Yadda Ake Tsara Hoton Gaɓar Teku

Tsarin hoto shi ne yadda mai ɗauka ke zaɓen abin da zai shiga cikin hotonsa, da mazaunin kowane abu, da abin da zai bari a waje. A bakin teku wannan aiki yana da wuya, domin abin da ke gaban ido bai wuce ruwa da sama da yashi ba. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya je saro kaya Legas ko Kwatano, ko ma'aikacin da taro ya kai shi Akara, yakan tsaya yana al'ajabin teku, ya ɗauka da wayarsa, amma ya koma gida da hoton da ba ya cewa komai. Mutum na jin girman teku ne ta rugugin igiyar ruwa da kaɗawar iska. Ita kuwa kyamara sai an ba ta abin da za ta auna girman da shi.

Layin da sama ta haɗu da ruwa

Wannan layi shi ne ginshiƙin hoton teku. Sharaɗi na farko shi ne ya miƙe sambal, domin ko kaɗan ya karkata, sai a ga kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe guda. Yawancin wayoyin zamani na da layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara, kuma kunna su na maganin wannan kuskure.

Na biyu shi ne inda za a ajiye layin. Tsohuwar ƙa'idar raba hoto kashi uku, wadda Baturen Ingila John Thomas Smith ya ambata a rubuce a 1797, ta tanadi a ba ɓangaren da ya fi kyau kashi biyu. Idan hadari ya haɗu, sama ce ke cin kashi biyu. Idan sama wayam take, sai a bar wa yashi da ruwa. Ƙa'idar ba farilla ba ce: Hiroshi Sugimoto na Japan ya yi suna da hotunan teku da ya fara a 1980, waɗanda layin ke tsakiyarsu daidai. Sai dai shi da niyya ya yi.

Abin da ke gaba

Hoto mai zurfi yana da hawa uku: na kusa, na tsakiya da na nesa. Na kusa ne aka fi mantawa. Kwale-kwalen masunta da aka ja kan yashi, ko taru da aka shanya, ko kututturen kwakwa, duk suna ba ido wurin sauka kafin ya wuce cikin ruwa. A Elmina ta Ghana, jerin jiragen masunta masu launi a gaban ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 na ba da hawa ukun a tashi ɗaya. Durƙusawa kusa da ƙasa na ƙara wa abin da ke gaba girma, haka kuma mutum guda a nesa ya isa ya nuna faɗin wuri.

Layukan da ke jan ido ma na da amfani: lanƙwasar gaɓa, sawun ƙafa, jerin bishiyoyin kwakwa irin na Badagry. An fi so layin ya taso daga kusurwar ƙasa ya nufi cikin hoto. Idan akwai jirgi mai tafiya, a bar masa fili ta inda ya dosa.

Haske da lokaci

Gaɓar Nijeriya, mai tsawon kusan kilomita 853, galibinta kudu take fuskanta. Don haka mai tsaye a bakin tekun Legas yana da gabas a hagunsa, yamma a damansa, kuma rana ba ta faɗuwa a tsakiyar teku gabansa. A Disamba takan faɗi ta kudu maso yamma, a kan ruwa. A Yuni kuwa ta arewa maso yamma, a kan tudu. Mafita ita ce a juya kyamara ta bi tsawon gaɓa, inda hasken gefe ke fito da zanen yashi da kumfar igiyar ruwa.

Sassafe da la'asar sakaliya su ne lokutan da haske ya fi taushi. A ƙasashen da ke tsakiyar duniya almuru gajere ne, bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, saboda haka a zaɓi wurin tsayawa tun rana na sama. Hazon hunturu na dusashe launi, amma yana mayar da rana jan faifai da kyamara ke iya kallo.

Sama ta fi ƙasa haske, kuma tsohuwar matsala ce. A shekarun 1850, Gustave Le Gray na Faransa yakan ɗauki sama daban, teku daban, sannan ya haɗa su a takarda guda. Tsarin HDR na wayoyin yau kusan aikin da yake yi ke nan.

Cikowa da janyewar ruwa

Teku na cikowa sau biyu a yini, tsakaninsu kimanin awa 12 da minti 25, kuma lokacin na jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Idan ruwa ya janye, jiƙaƙƙen yashi na zama madubi mai ɗauko launin sama. Amma teku ba abokin wasa ba ne: tekun Legas na da ruwa mai ja ta ƙarƙashi, don haka ba a juya masa baya, ba a hawa duwatsu masu santsi. Gishiri na lalata kyamara, sai a goge ta bayan an tashi. Ladabi ne a nemi izinin masunta kafin a ɗauke su, kuma a guji ɗaukar wuraren jami'an tsaro.

Hoto a matsayin shaida

Gaɓar Afirka ta Yamma tana sauyawa. Bar Beach, wadda a da ita ce matattarar masu shan iska a Legas, ta shige ƙarƙashin aikin cike teku na Eko Atlantic. A Ayetoro ta Jihar Ondo teku ta cinye gidaje masu yawa, a Keta ta Ghana kuma ta rushe wani sashe na ganuwar Prinzenstein. Hoton da ya ƙunshi tsayayyar alama, kamar hasumiya ko gini ko bishiya, tare da bakin ruwa, shi ne za a iya ɗorawa kusa da wani bayan shekara ashirin a ga taku nawa teku ta ci. Wanda babu komai cikinsa sai ruwa, ko mai shi ba zai tuna inda ya ɗauka ba.