Mota na kaɗawa a ralanti: yadda ake gano inda matsalar take kafin a buɗe inji

Mota tana tsaye, inji na aiki, ƙafa ba ta kan totur, amma sitiyari na rawa, madubi na karkarwa, wani abu kuma na ƙara a ƙarƙashin kapo. Wannan na cikin koke-koken da bakanikai suka fi ji a Gaya. Yawancin motocin garin tsofaffi ne da suka shekara goma ko ashirin a Turai kafin su sauka a tashar ruwan Kotonu, su ƙetaro ta Malanbil. Tun da aka rufe gadar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hajar Nijar ta koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso, don haka sauya kayan mota a kan zato ya zama asarar da ba kowa ke iya ɗauka ba.

Kowane inji yana ɗan kaɗawa. A ralanti, wanda direbobin Kamba ke kira sulo, injin mai esansi da ya yi zafi yana juyi kusan 600 zuwa 1.000 a minti. Mai silinda huɗu yana tada wuta sau biyu a kowane juyi, wato idan allura na kan 750, wuta na tashi sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Ana jin kaɗawar a kujera ne idan ɗayan abu biyu ya faru: ko wutar ta daina tashi daidai, ko kuma robobin da ke riƙe da injin sun daina shanye girgizar. Aikin farko shi ne a raba waɗannan biyun, kuma allurar juyin inji da ke kan tabalo ita ce ke rabawa.

Idan allurar na tsaye cik amma motar na rawa, a fara zargin robobin, waɗanda ake kira supor. Roba ce da ƙarfe, wasu da ruwa a ciki, kuma zafi da ramuka da man da ke ɗiga a kansu suna cinye su. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Gaya da Doso, kusan kilomita 150, da kaya fiye da ƙima, ba ta barin su su daɗe. Gwajin ba ya cin ko dala: a mota mai sauya giya da kanta, a taka birki a sa D, idan rawar ta ƙaru, ta kuma ragu da an mayar N, alama ce mai ƙarfi. Haka idan ana jin "gum" lokacin tashi ko lokacin sa ribas. A buɗe kapo a duba ko robar ta tsage, ta zauna, ko tana zubar da ruwa.

Idan kuwa allurar na hawa da sauka, salansa na tari, to silinda ɗaya ce ko fiye ba ta cin wuta yadda ya kamata. Nan ne aka fi ɓata kuɗi, domin abubuwa da dama na kawo haka: buji, wanda a Najeriya ake ce wa fulogi, ko bobin da ke ba shi wuta, ko injekta da ta toshe, ko iska da ke shiga ta tsagaggen tiyo. Iskar tana da alamarta, ana jin wani siririn huci kusa da inji, kuma rawar kan lafa idan aka ɗan taka totur. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon: takan cika matatar iska, ta haɗu da tururin mai ta yi dauɗa a bakin maƙogwaron inji, inda ƴar iskar ralanti ke bi. Wankewa kawai kan wadatar.

Bakaniken da ya san aikinsa yana cire fulogin wutar bobin ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Wanda aka cire injin ya ƙara rikicewa, lafiyarsa ƙalau. Wanda aka cire ba abin da ya sauya, nan matsalar take. Daga nan sai ya musanya bobin ɗin da na maƙwabciyar silinda. Idan matsalar ta bi shi, shi ne; idan ta zauna inda take, sai a duba buji da injekta, a ƙarshe a auna ƙarfin matsin silindar. Kada a kama wayar buji da hannu, wutarta ta kai dubban bolt. A kuma kula da fankar radiyeta, tana tashi da kanta ba sallama.

Motocin Turai masu esansi tun daga 2001, da na Amurka tun 1996, suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0300 na nufin wuta na ɓacewa a silinda daban-daban, P0301 a ta farko, P0302 a ta biyu, haka har ƙarshe. Na'urar tana faɗin inda abin yake ne, ba ta faɗin abin da ya lalace, kuma wanda ya goge lambar ya karɓi kuɗi bai gyara komai ba. Idan fitilar inji na ƙyaftawa, kada a ci gaba da tafiya mai nisa, domin man da bai ƙone ba yana gangarawa ya ƙona katalizar da ke cikin salansa.

A garin kan iyaka akwai tambayar da ya kamata ta zo kafin duk waɗannan: ina aka sha mai na ƙarshe? Shekaru da dama man ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ne ke tafiyar da motoci da baburan yankin, ko da yake cire tallafin mai da shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage ribar wannan sana'a. Ba duk man kwalba ne gurɓatacce ba, amma jarka da duro suna tara ruwa da ƙasa, musamman da damina, ga shi yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Idan rawar ta fara jim kaɗan bayan shan mai, a zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi esansi nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. Maganin shi ne a juye tanki a sauya matatar mai.

Ita ƙarar ma tana ba da labari. Kwaramniya kamar ta gwangwani daga ƙarƙashin mota galibi farantin kare zafi ne na salansa da ya saki, ƙusa ɗaya ce gyaransa. Ƙara mai tsini da ke tashi da an kunna kilim daga bel take ko abin da ke ɗaure shi. A motar gazuwal mai giyar hannu, ƙarar da ke ɓacewa da an taka kuloci tana nuna wajen kuloci da faifan da ke bayan inji. "Tik-tik" daga saman inji kan biyo bayan ƙarancin baƙin mai ko bidanjin da aka jinkirta.

Ƙara ɗaya ce ba a jira da ita: bugu mai nauyi daga can ƙasan inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, wanda ke ƙara sauri da an taka totur, balle idan jar fitilar baƙin mai ta kama. Wannan alama ce cewa ƙarafan da ke kan sandar juyin inji sun cinye. A kashe motar nan take, a jawo ta zuwa garaji, ko da kuwa tsakanin tasha da garajin bai wuce kilomita ɗaya ba.