Tarihin Tsirya a Zaurukan Iware



Iyayenmu da suka yada zango a nan, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, neman halali ne ya kawo su: shanu, hatsi da goro. To amma duk wanda ya tashi a gabansu zai tuna da kejin da ke rataye a zaure, da 'yar tsuntsuwar nan koriya mai kai ruwan toka da ciki ruwan ɗorawa. Ita ce tsirya, ƙanwar aku.

Shi aku ɗan kurmi ne, fatake ke zuwa da shi daga kudu, sai mai hali ke sayensa. Tun fitowar Magana Jari Ce a 1937 ya samu waziranci a bakin yara. Tsirya kuwa ta talaka ce. A kogon manyan itatuwa take ƙwai, tana cin dawa da gyaɗa da ɓaure. Ɗaya tak maigida ke ajiyewa, takan kuma haura shekara 20 in ta samu kula.

Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, Jalingo ta cika, kasuwa ta buɗe, tsuntsu ya zama haja. Wajen 2014 kuma sai ga saran madobiya, wadda ake kira madrid, ana lodinta zuwa ƙasar Sin har daji ya yi sanƙo. A 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen duniya suka hana fataucin akun daji a tsakaninsu, suka kuma sa wa cinikin madobiya linzami. Mu faɗi gaskiya, jama'a, mu 'yan kasuwa da hannunmu a wannan ɓarna.

A Islamiyya an karantar da mu cewa ƙanen Anas ɗan Malik ya riƙi tsuntsu, Manzon Allah (SAW) bai hana ba. An kuma karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle da yunwa. Ashe keji amana ne.

Saboda haka mai tsirya ya ba ta ruwa da abinci da inuwa. Kada mu sayi 'ya'yan da aka kwaso daga kogo, kada mu kayar da itacen da ta yi sheƙa. In ba haka ba, jikokinmu sai dai su ji sunanta a labari.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.