Kunnen Jaki (Haliotis asinina)

Kunnen jaki wani dodon koɗi ne na ruwan gishiri daga dangin abalon. Masanin halittu Carl Linnaeus ya raɗa masa sunan kimiyya a 1758, saboda ɓawonsa dogo ne mai lanƙwasa kamar kunnen jaki. Tsawon ɓawon yana iya kai santimita 12. A gefensa akwai jerin ƴan ramuka da ruwan numfashi da kashi ke fita ta ciki, cikinsa kuwa sai ƙyalli.

Yana zaune a duwatsun murjani marasa zurfi na Tekun Fasifik da na Indiya, ciki har da Filifin da arewacin Ostareliya. Da rana yakan ɓuya ƙarƙashin dutse, da dare ya fito yana kankare gansakuka. Abin sha'awa, naman jikinsa ya fi ƙarfin ɓawon, ba ya rufuwa duka. Saurin girmansa ya sa ake kiwonsa a Filifin.