Ba-ni-in-ba-ka: Daga Allon Kwamfuta zuwa Filin Bukit Jalil

Duk wanda ya buɗe wasan Football Manager a 'yan shekarun nan, kafin 'yan wasansa su taka leda ko sau ɗaya, sai an shimfiɗa masa jerin salon wasa an ce ya zaɓa. Akwai matsin lamba irin na Jamusawa, akwai tare gida irin na Italiya, akwai lafta ƙwallo gaba a bi ta da gudu. A cikin jerin akwai kuma tiki-taka, wato gajeren fasin na ba-ni-in-ba-ka, ana yawo da abokin karawa har ya gaji da bin iska. Dannawa ɗaya ce kawai. Abin da Barcelona ta kwashe shekara ashirin tana ginawa tun daga zuwan Johan Cruyff a matsayin koci a 1988, ga shi an naɗe an ajiye wa kowa a kan allo.

Da farko babu ko filin da za a yi fasin ɗin a kai. Wasan da Kevin Toms ya fitar a Ingila a 1982, wanda shi ne ya fara ɗaukar sunan Football Manager, saye da sayar da 'yan wasa ne da zaɓen waɗanda za su shiga fili, sannan a nuna maka wasu 'yan sanduna suna harbi a raga. Bayan shekara goma wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fito da Championship Manager, wanda suka rubuta a ɗakinsu na gida. Shi ko 'yan sandunan ma babu. Rubutu ne ke walƙiya a allo yana gaya maka wane ya ɗauki ƙwallo, wane ya buga ta sama. A wannan shekara ta 1992 ce kuma aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa, dokar da ta tilasta wa gololi da 'yan baya koyon taɓa ƙwallo, kodayake sai da aka jima kafin a ga inda za ta kai tamaula.

Waɗanda suka buga Championship Manager na kakar 2001/02 ba su manta da shi ba. A nan ne ake samun Taribo West ba shi da kulob, ka ɗauke shi kyauta, ka haɗa da Julius Aghahowa ka yi ta ɗaukar kofi. Akwai wurin zaɓar gajeren fasin ko dogo, akwai kuma wani shafi da aka yanka fili gida-gida, inda kake nuna wa kowane ɗan wasa wurin tsayawarsa idan ƙwallo na hannunku da kuma idan tana hannun abokan gaba. Tunani ne mai kyau, amma da yake ba ka ganin wasan da idonka, mutane ba salo suka riƙa nema da shi ba. Kafar da injin wasan ya bari suke nema, su cusa 'yan wasa ta tsakiya su ci biyar. Ba wanda ya damu da yawan riƙe ƙwallo.

A fili kuwa abin ya riga ya fara tsiro, kuma wani yanki nasa a gabanmu aka yi. A gasar matasa ta duniya da Najeriya ta ɗauki nauyi a 1999, Sifaniya ta fitar da Ghana da bugun fenareti a Kaduna, ta doke Mali da ci 3-1 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta lallasa Japan 4-0 a Legas. A tsakiyarta akwai wani gajeren yaro mai suna Xavi. Gwarzon gasar kuwa ɗan Mali ne, Seydou Keita. Bayan shekara tara su biyun suka haɗu a tsakiyar Barcelona ƙarƙashin Pep Guardiola.

Kafin nan wasan kwamfutar ya yi ido. A 2003 aka sa masa fili da ake kallo daga sama, 'yan wasa kamar ƙwayoyin dara suna zagayawa, kuma a karon farko mutum ya iya ganin ko 'yan tsakiyarsa suna ba mai ƙwallo mafita ko sun bar shi shi kaɗai. A shekarar ce kamfanin su Collyer, Sports Interactive, ya raba gari da Eidos mai buga masa wasan. Eidos ya riƙe sunan Championship Manager, su kuma suka tafi da injin da rumbun bayanan 'yan wasa, suka haɗa kai da Sega, suka fitar da Football Manager 2005 a ƙarshen 2004.

Zamanin da ya biyo baya shi ne na ma'aunai. Kowane umarni layi ne da ake ja hagu ko dama: tsawon fasin, saurin wasa, faɗin fili, 'yancin ɗan wasa ya yi gaban kansa, yawan bin mai ƙwallo. Wanda ke son ba-ni-in-ba-ka sai ya ja fasin zuwa gajere, ya rage sauri, ya matse fili, sannan ya bi 'yan wasa goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya yana daidaita zafin harinsu don kada rata ta buɗe tsakanin baya da tsakiya. Ya fi kama da gyaran rediyo fiye da aikin koci. Babu kocin da ya taɓa ce wa ɗan wasansa ya rage tsawon fasin da daraja biyu.

Sai 2008 ta zo da abubuwa uku a jere. Sifaniya ta ɗauki kofin Turai, Guardiola ya karɓi Barcelona, a Nuwamba kuma Football Manager 2009 ya fito da 'yan wasa masu siffar mutane suna gudu a fili. Kowa ya so ya ga kulob ɗinsa na kwamfuta yana yin abin da Xavi da Iniesta da Busquets ke yi. Fitowar da ta biyo baya ta kawo matsayi masu suna, ka ce wannan shi ne mai raba ƙwallo daga baya, wancan mai tare gaban 'yan baya, a 2013 kuma aka share ma'aunan gaba ɗaya. Tsofaffin masu buga wasan sun yi ƙorafi cewa an ƙwace musu linzami. A ganina nan ne wasan ya fara magana da yaren masu horarwa.

A Kuala Lumpur an bi waɗannan shekaru da tsakar dare. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka wasan Zakarun Turai ƙarfe uku ko huɗu na asuba yake kamawa, kuma a gidajen abinci na mamak, waɗanda Musulmi 'yan asalin Indiya ke gudanarwa ba dare ba rana, ake kallonsa, da shayin teh tarik da roti canai a gaba. Ɗaliban Arewa da suka yi karatu a Jami'ar Malaya ko Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak sun san wannan zama. Shi ne gidan kallon ƙwallonsu. Wani abin takaici ga ɗan Kano shi ne, gasar Malesiya ta daɗe cikin gasannin da ake iya zaɓa a Football Manager, alhali shekara da shekaru ta Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Kana iya horar da Selangor ko Kedah kai tsaye, amma Kano Pillars sai ka nemo ƙarin fayil da masoya wasan suka haɗa da kansu.

A Agustan 2013 Barcelona da kanta ta sauka a birnin don wasan sada zumunta da zaɓaɓɓun 'yan wasan Malesiya. An shirya yi a babban filin ƙasa na Bukit Jalil, wanda aka gina don wasannin ƙasashe renon Ingila na 1998, mai ɗaukar mutum sama da 80,000. Baƙin suka duba ciyawar suka ce ba za su taka ba. A ƙurarren lokaci aka mayar da wasan Shah Alam a jihar Selangor, suka ci 3-1. An yi ta tsokaci kan kunyar da aka sha, amma akwai darasin tamaula a ciki. Fasin na mita goma da ake so ya isa ƙafar dama ta mutum, ba ta hagu ba, yana bukatar ƙasa mai santsi. Wasan kwamfutar yana da ruwan sama da lalacewar fili a lissafinsa, sai dai ban taɓa jin sun yi nauyin da suke da shi a garin da ake tafka ruwa da la'asar a buga wasa da daddare ba.

A lokacin ma salon ya fara shan duka a Turai. Inter ta José Mourinho ta fitar da Barcelona a 2010, Chelsea ta maimaita a 2012, Bayern Munich ta yi mata 7-0 gida da waje a 2013, Holan ta zuba wa Sifaniya 5-1 a Brazil a 2014. A Rasha a 2018 Sifaniya ta yi fasin sama da dubu a wasa ɗaya da masu masaukin baƙi, ta kuma koma gida.

Abin mamaki, a ƙarshen wannan shekarar ce Football Manager 2019 ya mayar da tiki-taka maɓalli, ya kuma raba dabara kashi uku: lokacin da ƙwallo ke hannunka, lokacin da take sauya hannu, da lokacin da take hannun abokin gaba. A daidai waɗannan makonni Malesiya tana gwada abin a zahiri. Tan Cheng Hoe, wanda ya ci Kofin Malesiya da Kedah a 2016 da gajeren fasin, ya karɓi tawagar ƙasa a ƙarshen 2017 ya ce daga baya za a riƙa fara gina wasa, har magoya baya suka laƙaba wa salon sunansa. A gasar Kudu maso Gabashin Asiya ta 2018 suka yi canjaras babu ci da Tailan a Bukit Jalil, suka yi 2-2 a Bangkok, suka wuce da ƙwallon waje. A wasan ƙarshe Biyetnam ta Park Hang-seo ta bar musu ƙwallo ta yi kwantan ɓauna. Ta ci biyu a Kuala Lumpur kafin Malesiya ta farke, a Hanoi kuma ta ci ɗaya ta rufe ƙofa.

Wanda ya gwada gina wannan salo da ƙaramin kulob a kwamfuta ya san wannan ciwo. Umarnin ba su da wuya: gajeren fasin, rage sauri, fara wasa daga gola, kada a yi harbi daga nesa, a taso 'yan baya har kusa da tsakiya, idan ƙwallo ta kuɓuce a rufar wa wanda ya ɗauka nan take. Wuyar tana ga mutanen. Wasan yana auna kowane ɗan wasa daga 1 zuwa 20, kuma salon yana cin iya fasin, tarbar ƙwallo, natsuwa, hangen fili, yanke shawara da iya neman wuri ba tare da ƙwallo ba, duka a jikin mutum ɗaya. Ɗan bayan da natsuwarsa ba ta wuce 8 ba zai miƙa wa ɗan gaban abokan hamayya ƙwallo a bakin raga. Idan kuma ba shi da gudu, doguwar ƙwallo ɗaya ta bayansa ta isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika tsakiya da masu raba ƙwallo, kowa na son a kawo masa a ƙafa, babu mai tsaga baya da gudu. Sai a tashi wasa kana da kashi 70 na riƙe ƙwallo, su suna da ci ɗaya. Ga kuma lokaci: wasan yana lissafa yadda 'yan wasa suka saba da dabara, sabon kuma sai an yi makonni ana atisaye, alhali shugabannin kulob ba sa jira.

Akwai wani lissafi da zafin Malesiya ya ƙara. Riƙe ƙwallo hutu ne, domin mai binta shi ke gajiya, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a inda zafi ke haura digiri 30 da gumi mai danƙo. Amma rabin salon na biyu, wato ƙwato ta cikin daƙiƙoƙi, shi ne ke cin huhu. Wanda ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu ya buɗe gidansa.

Amsar da birnin Kuala Lumpur ya bayar da kansa ta zo ranar 30 ga Nuwamba, 2021. Johor Darul Ta'zim, kulob ɗin Yarima Tunku Ismail, wanda ya riƙe gasar ƙasar tun 2014 kuma ya fi kowa kuɗi da gwanaye, ya haɗu da Kuala Lumpur City a wasan ƙarshe na Kofin Malesiya. Kocin City, Bojan Hodak ɗan Kuroshiya, bai yi gasar fasin da su ba. Ya tsare gida ya jira, ya ci 2-0, kofin ya dawo birnin karon farko tun 1989. Shekara ta gaba ya kai su wasan ƙarshe na Kofin AFC, inda Al-Seeb ta Oman ta doke su 3-0. Tan Cheng Hoe kuwa ya ajiye aiki a farkon 2022, bayan an fitar da Malesiya tun a rukuni a gasar Kudu maso Gabashin Asiya. Ba zan ce ya yi kuskure ba. Ya doke Tailan da Indonesiya a Bukit Jalil a 2019, ya kuma nuna cewa ɗan Malesiya zai iya karɓar ƙwallo a matse bai firgita ba. Abin da ya rasa shi ne makarantar da za ta riƙa turo masa yara da suka taso a haka.

Shi ma wasan kwamfutar ya bi Guardiola zuwa inda ya koma. Football Manager 2024 ya koya wa 'yan wasa musayar wuri, ɗan baya na gefe ya shigo ciki ya zama na uku a baya, na tsakiya ya haura ya cike gurbi, irin abin da Manchester City ta Guardiola ta yi ta ci kofi uku a 2023. An soke fitowar 2025 bayan jinkiri, wadda ta zo a Nuwamban 2025 kuma ta ba koci damar zana tsari biyu daban, ɗaya na lokacin da ƙwallo ke hannu, ɗaya na lokacin da babu. Wanda ya buga na 2001 zai gane shafin nan take, bambancin kawai yanzu yana ganin abin da ya zana yana gudu a fili.